Kwanson Harsashi a Cikin Daddawa

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Wannan ta kira, waccan ta aiko saƙo, 'yan ƙungiyarmu ta marubuta kuwa har gida suka biyo ni, wai sai na ba su labarin Ingila, da sanyinta, da yadda Turawa suka karɓi littafina. Na gaji da cewa "lafiya lau, alhamdulillahi", domin ba lafiya lau ɗin ba ne. Kwana tara na yi a can, bakwai daga ciki cikina a ɗure yake da ruwa. To ga labarin nan na rubuta, kowa ya karanta, a bar ni na sha kununa cikin kwanciyar hankali.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Saratu, kuma ni ba na rubuta soyayya. Labarin kisa nake rubutawa, da bindiga, da mai bincike wanda duniya ta ishe shi, da gari wanda babu mai cikakkiyar gaskiya a cikinsa. Sau nawa aka ce mini, "Haba Hajiya, kina mace, me ya haɗa ki da wannan baƙin labari?" Abin da ya haɗa ni shi ne ƙanina Mudi, autanmu. Shekara shida ke nan da 'yan bindiga suka tare hanyar ƙauyenmu suka harbe shi a kan babur, yana dawowa daga makarantar da yake koyarwa. Bayan sadakar uku na sa aka kai ni wurin, na tsinci kwanson harsashi guda ɗaya a cikin ciyawa, wato ɓawon ƙarfen nan da ke faɗuwa bayan an harba, babu komai a cikinsa. Na kai shi inda ya kamata a kai. Wanda na tarar ya jujjuya shi, ya miƙo mini abina, ya ce, "Hajiya, ki bar wa Allah." Tun daga ranar kwanson nan yake kan teburina. In zan yi rubutu sai na damƙe shi a hannun hagu, na dama yana aiki.

Wani ɗalibi ne, Malam Nura, da ke karatun digirin digirgir a Birmingham, ya fassara babi biyu na littafina zuwa Turanci, ya nuna wa masu shirya wani ɗan taro na marubutan irin wannan labari, suka aiko mini da gayyata. Masauki kuwa ban nema ba, ina da Binta a Manchester. Ajinmu ɗaya a sakandare, gadonta a saman nawa, yanzu likita ce a can, tana zaune da mijinta Injiniya Kabiru.

Inna, mahaifiyarmu, ita ce ta haɗa tsaraba, kuma ba ta yarda kowa ya sa mata hannu ba. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa. Sai da muka kai ruwa rana kafin ta cire kilishi, don an gargaɗe ni cewa ba a shiga musu da nama. Ta ce, "Wace irin ƙasa ce wannan da za a je wa mutum hannu babu nama?" Ni kuwa kafin na fita na duba teburina ban ga kwanson ba, na ɗauka ya gangara bayan littattafai. Mota tana jira, na ce in na dawo na nema.

A filin jirgin Manchester layin shiga ƙasa ya kusa kashe mini ƙafa. Abin mamaki, ba mai tsallake wani, ba mai cewa ai ya san wane. Da aka zo kaina, jami'in ya tambayi abin da ya kawo ni, na miƙa masa takardar gayyata ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ya ce wane irin littafi nake rubutawa? Na faɗa masa. Sai fuskarsa ta washe, ya ce shi ma irinsu yake karantawa lokacin hutun cin abinci, har yana tambayata wa ya yi kisan a nawa. Na ce sai dai ya saya ya gani. Ya yi dariya ya buga hatimi. Na ja akwatina na bi ta ƙofar waɗanda ba su da abin nunawa, ina taku ɗai-ɗai, ina jin kaina wata babbar marubuciya. Oh ni Saratu, da na san abin da nake ja!

Unguwar su Binta sunanta Longsight. Gidaje ne a jere manne da juna, duk kamarsu ɗaya, in ba ka riƙe lamba ba sai ka buga ƙofar wani. A kan babban titin akwai mahauta masu yankan halal, ga masallatai, ga kasuwa har da doya da manja. Ranar farko barci na yi kamar an doke ni. Washegari bayan azahar, wadda a can la'asar ke bin ta a guje lokacin sanyi, muka zauna a kicin muna kwance tsaraba. Binta tana ta murna tana shinshina kuka. Ta ɗauko ƙullin daddawa, leda uku Inna ta yi masa, tana warwarewa sai wani ɗan ƙyalle ya zame, abu ya faɗo ƙasa ya yi ƙil, ya gangara ƙarƙashin tebur.

Kabiru ne ya sunkuya ya ɗauko. Yana ganin abin da ke hannunsa ya sake shi kamar ya taɓa garwashi.

Binta ta ce, "Saratu, mene ne wannan?"

Na ce, "Na Mudi ne."

"Na san na Mudi ne! Me yake yi a kicin ɗina? Innalillahi. Da shi kika shigo? Ta filin jirgi? Ke kin san inda kike kuwa?"

Na ce ban san yana ciki ba. Binta ta tashi ta ja labulen taga, alhali babu kowa a bayan gidan sai kwandunan shara. Ta ce takardarsu ta zama na dindindin tana gaban hukuma, shekara nawa suna jira, ga lasisinta na aikin likita, ƙaramin abu in ya shiga fayil ɗin mutum ba ya fita. Ta ce, "Nan ba Kano ba ce da za a kira wani a ce a yi haƙuri. Nan ko 'yan sanda yawancinsu ba sa yawo da bindiga. A ce an samu wannan a gidan Musulmi 'yan Najeriya, wa zai tsaya ya ji labarin Mudi?"

Na kira Inna a waya. Ko gaisawa ba mu gama ba na tambaye ta. Ta ce, hankalinta kwance, "Ni na saka. Na ga ba kya iya komai sai kin damƙe shi, na ce kar ki je gaban Turawa ki tsaya hannu sake, harshenki ya sarƙe. Na sa shi cikin daddawa don kar ya ɓace." Tsohuwar da ba ta taɓa shiga jirgi ba, ina za ta san akwai na'urar da ke leƙa cikin kaya? Allah ne kawai ya rufa asiri, ta Abuja da ta can duk ba su gani ba. Na ce, "To Inna, na gode." Binta ta harare ni kamar ta kai mini duka.

Aka shiga shawara. Kabiru ya ce a jefa a shara. Binta ta ce wace sharar? Kwando huɗu gare su, kowanne da launinsa, in ka saka ƙarfe inda ba nasa ba ma'aikatan ƙaramar hukuma suna iya buɗewa su duba. Ya ce to a kai kogi. Ta ce kyamara ta fi mutanen garin yawa. Suna ta yi, ni ina zaune, sai da suka gaji na ce, "Ku daina wahalar da kanku, ba zan jefar ba." Na ce rigar da ya mutu a ciki an wanke an bayar, babur an sayar, waɗanda suka kashe shi ba wanda ya san ko sunansu. Wannan kaɗai ne shaidar cewa wani ya ɗaga hannu ya harbi ƙanina, ba faɗuwa ya yi ba. Binta ta ce, "Ki tafi da shi Birmingham. Amma don Allah, Saratu, kar ki dawo mini da shi gidan nan." Na ji zafin maganar har cikin raina, kuma na san tana da gaskiya.

Na mayar da shi cikin ƙyallen Inna, na ƙulle a haɓar zani irin yadda tsofaffi ke yi, na ɗora doguwar rigar sanyi a kai. Haka na yi ta yawo da shi. Kabiru, don ya sanyaya mini rai, ya kai ni Old Trafford na ga filin ƙwallon da Mudi ya ƙwallafa rai a kansa, wanda in ƙungiyarsa ta sha kashi ko tuwo ba ya ci. Muna isa na hango ana duba jakunkunan masu shiga. Na ja na tsaya, na ce ƙafata ke ciwo. Muka tsaya a waje cikin yayyafi ina kallon ginin, na ce a raina, Mudi ga shi nan, iyakar inda zan iya kawo ka ke nan. Kabiru ya sayo mini soyayyen kifi da dankali a takarda, ba gishiri ba yaji, na ci don kar ya ji kunya.

Ranar tafiya Birmingham Binta ta ɗauki hutu ta raka ni, tunda ta riga ta yi alkawari. Amma a jirgin ƙasa sai ta wuce ni ta zauna kujera uku a gaba, ta buɗe waya. Jirginsu shiru kamar gidan makoki, ba mai sayar da ƙwai, ba mai wa'azi, ba mai tambayarka ina za ka. Sai wata murya da ke fitowa daga sama lokaci-lokaci tana cewa duk wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba ya sanar. Duk sanda ta faɗa sai na ji kamar da ni take. Muna cikin haka wani ƙaton kare ya taho ta tsakanin kujeru, ya wuce kowa, ya zo ya kafa hancinsa daidai ƙuguna. Na ce shi ke nan, karen 'yan sanda ne, tawa ta ƙare. Na fara kalmar shahada a zuci. Ashe na wata tsohuwa ne, da shi take tafiya ziyarar 'yarta, warin daddawar ƙyallen ne ya ja shi. Ta yi ta ba ni haƙuri, ta fi sau goma, ni kuwa gumi ya jiƙe ni sharkaf a cikin wannan sanyi. Na ɗaga kai na ga Binta ta waiwayo, fuskarta ta yi fari fat.

Malam Nura ya tarbe mu a tasha ya kai mu masauki a Aston, kusa da jami'a. Ɗaki tsaf, ga butar dafa shayi, amma banɗaki babu buta, sai da na shanye ruwan roba na mayar da robar buta. Abincin da masu taro suka tanada burodi ne mai sanyi da ganye a tsakiya, an yanka shi kusurwa uku. Allah ya saka wa matar Nura, ita ta aiko mana da tuwon semo da miyar kuka a kula.

Taron a wani zaure aka yi, a saman kantin littattafai. Tun daga ƙasan bene nake leƙen ko ana caje, ashe wata dattijuwa ce kawai a ƙofa tana duba tikiti. Wannan ma abin kallo ne: mutane sun sayi tikiti don su zauna su ji marubuci yana karanta abin da za su iya karantawa da kansu a gida. Mu da littafinka bai gama fitowa ba an ɗauke shi a hoto an watsa a waya, a karance shi a rediyo ba a ko gaya maka ba. Yawancinsu masu furfura ne, mata sun fi yawa, kowacce da rigar saƙa da tabarau, irin waɗanda za ka rantse ko kaza ba su taɓa yankawa ba. Amma da aka fara magana sai ka ji suna gardama a kan wace irin bindiga ce ta dace da wane irin makashi, da yadda jini ke bushewa a kan kafet.

Mu uku aka zaunar a gaba. Akwai wani mai gemu da ya ce shi abin da ke ja masa hankali shi ne a irin wannan labari ba a yi wa mai karatu ƙarya, mai laifi yakan tsira, mai bincike ma hannunsa ba tsarkakakke ba ne. Akwai Helen, wadda ta yi shekaru tana aikin 'yan sanda a garin kafin ta koma rubutu. Ita ta ce mutanensu suna son bindiga a littafi ne don yawancinsu ba su taɓa jin ƙararta ba, suna son su ji tsoro suna zaune kusa da abin ɗumama ɗaki. Amma ta ce a garin nan ma akwai unguwannin da iyaye mata suka san ƙarar, kuma ta sha ƙwanƙwasa musu ƙofa da mummunan labari.

Na karanta nawa da Hausa, Nura ya bi da Turanci. Hannuna na hagu yana cikin riga, a kan ƙullin. Da aka zo tambayoyi wani mutum ya miƙe, cikin ladabi, ya ce a ƙasar da ake jin harbi da gaske, me zai sa mutum ya sayi littafin harbi? Ba gara a rubuta musu abin da zai sa su manta ba?

Raina ya ɗan ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Nura ya fassara daidai, kar ya gyara mini. Na ce a littafi, komai duhunsa, in aka kashe mutum akwai wanda zai zo ya durƙusa a wurin ya duba, ya tambayi wa ya yi, ya hana kansa sukuni. Ko bai kama kowa ba, ya dai tambaya. Na ce an kashe ƙanina, kuma har yau babu wanda ya tambaya. Masu karanta ni da yawa haka suke, kowa da nasa mamacin. Ba harbin suke saya ba, wannan mai tambayar suke saya. Na so na kwance ƙullin na ɗaga musu, sai na hango Binta a layin baya ta toshe baki da gyale, na fasa.

Bayan an tashi, wajen teburin shayi, na ja Helen da Nura gefe, na juya wa jama'a baya, na kwance haɓar zanina. Helen ta sa tabarau ta duba, ba ta ko razana ba. Ta ce a iya saninta kwanson da aka riga aka harba ba laifi ba ne a ajiye shi a gida. Amma ta kama hannuna ta ce kar na kuskura na kai shi filin jirgi. Sa'ar da na yi da farko ba a yin ta sau biyu, za a tsare ni, jirgi ya tashi ya bar ni, kuma a ƙarshe su karɓe su jefa inda suke jefa irinsa. Ta ce in ina so ta karɓa ta miƙa a inda ya dace. Na ce na gode, zan yi tunani. Sannan ta tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambayata: ta wane gefen hanya na tsince shi, kuma taku nawa ne daga inda Mudi ya faɗi? Na ba ta amsa, ta gyaɗa kai, ta ce to daga kusa ne, kuma mai harbin a tsaye yake. A nan ne hawaye ya ƙwace mini, a gaban biskit ɗin mutane.

Na fita daga zauren da damuwar da ta fi wadda na shiga da ita. Gida ba zai koma ba, gidan Binta an hana, Helen kuwa yau na fara ganinta. Washegari a jirgin komawa Manchester ina ta lissafin inda zan ajiye shi, ko gindin wata bishiya, ko bakin filin ƙwallon nan. Sai na ji an zauna kusa da ni. Binta ce. Muka wuce tasha biyu. Can ta ce, "Kin tuna ranar ziyara, da yake kawo mana dambu a makaranta, ya cinye rabi a hanya?" Na ce na tuna. Na gaya mata abin da Helen ta ce, cewa ba laifi ba ne. Ta ce, "Na ji. Laifi ko ba laifi ba, in aka gan shi wurin mai hijabi sai an yi bayani, kuma tsoron nan bai bar ni ba." Sai ta buɗe tafin hannunta a kan cinyata. "Ba ni. Ni ma ƙanina ne."

Wallahi sai da na yi da gaske yatsuna suka saki. Da muka isa gida ta juye turaren wuta daga wata 'yar kwalba, ta saka shi ciki da ƙyallen Inna, ta ɗora a saman kabad ɗin ɗakinta. Kabiru ya kalle ta, ya kalli kwalbar, ya ce Allah ya jiƙan Mudi.

A filin jirgi ranar dawowa aka cire mini takalmi, aka laluba ni, aka buɗe jakata aka ƙwace man shafawa wai ya yi girma. Na bar musu ko gardama ban yi ba. Hannuna dai sai kai kansa yake yi haɓar zani yana dawowa.

Na sauka Kano na tarar da Inna a tsakar gida kan tabarma tana jan carbi. Ba ta tambayi Turawa ba, ba ta tambayi tsaraba ba. Ta ce, "Kin dawo da shi?"

Na ce, "A'a Inna, yana wurin Binta. Ba a barin a hau jirgi da shi." Na shirya jin faɗa, ko kuka.

Ta daɗe tana kallon hannuwana. Sannan ta ajiye carbin ta ce, "Shekara shida ina kallonki, ko addu'a kike yi hannunki ɗaya a dunƙule yake. Zo ki zauna nan. Buɗe su duka biyun, mu yi wa Auta addu'a."

Na zauna kusa da ita, na buɗe.